Shinkafa da Mangwaro: Girkin Tailan a Madambacinmu

(Taken shiri)

Iyayenmu mata na Jega da Kimba da Gindi, na Aliero da Sabiyal, na Maiyama da Andarai da Mungadi, ina gaisuwa. Ya aka ji da zafi? Allah ya saukar mana da damina lafiya. Shirinmu na yau na madafa ne, amma maigida kada ka murɗa tasha, don cefanen daga aljihunka zai fito. Ka kwantar da hankalinka dai, ba mai yawa ba ne.

Yau za mu haɗa shinkafa da mangwaro a kwano guda. Na san akwai Innar da ta riga ta yatsina fuska tana cewa, "Wanga kuma wane irin haɗi na?" Inna, a yi mini haƙuri a ji ƙarshen zance.

Abincin mutanen Tailan ne, can kudu maso gabashin Asiya, suna ce masa kaw niyaw mamuwang. Shinkafa ce mai danƙo da ake turarawa, a jiƙa ta da madarar kwakwa mai zaƙi da ɗan gishiri, a yanka nunannen mangwaro a gefe. A birnin Bankok za ka same shi a bakin titi cikin 'yar roba, ka kuma same shi a manyan otal-otal. Lokacinsa watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya tsananta mangwaro ya nuna, wato daidai da bazararmu. A Afrilun 2022 wata matashiyar mawaƙiyarsu mai suna Milli ta hau dandalin bikin Coachella a Amurka, ta ci shi a gaban dubban 'yan kallo. Kafin gari ya waye masu sayar da shi a Tailan sun rasa inda za su sa kansu saboda layin masu saye.

Mu a nan ba baƙin sunan Tailan ba ne, a jikin buhu muka san shi. Shekara da shekaru ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa, har Indiya ta karɓe kambun a 2012. Buhunanta sun sha shigo mana ta Kwatano, su ɓullo ta Kamba da sauran bakin iyaka. Daga baya labari ya sauya: a Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a ƙarshen 2016 shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, a 2017 kamfanin WACOT ya buɗe injinsa a Argungu, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa. Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne, waccan shinkafar da Tailan ta riƙa aiko mana, doguwa mai santsi wadda aka turara da ɓawonta, ko kusa ba ita suke wannan girki da ita ba. Idan uwargida ta ɗauko irinta, ko ta waje ko ta injinan gida, ta yi asarar kwakwarta. Tun a wurin awo ake cin nasarar wannan girki, a nan kuma ake faɗuwa.

Ga dalili. Ƙwayar shinkafa kusan duk sitaci ce, sitacin kuma iri biyu ne a cikinta. Akwai wanda masana ke kira amilos, shi ne ke sa shinkafa ta yi warara, kowace ƙwaya ta kama gabanta. Akwai amilofektin, shi ne mai danƙo, mai sa ƙwayoyi su rungumi juna. Shinkafar da muka saba ci tana da amilos kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Tasu mai danƙon kusan babu shi sam a cikinta. Tun tana ɗanya za ka gane ta, fara ce sol, ba ta ɗaukar ido. A arewacin Tailan da yankin Isan da ƙasar Lawos ita ce abincin yau da kullum, da hannu ake mulmula ta a dangwali miya. Ita kuwa wadda aka turara tun tana shanshera, sitacinta ya riga ya dahu sau ɗaya ya sandare, shi ya sa ba ta caɓewa a tukunyar biki. Ga dafa-duka wannan falala ce. A girkinmu na yau kuwa cikas ne, don ba za ta sha madara ba, sai dai ta yi iyo a ciki.

To ina mafita? Tana cikin buhun da ke ƙuryar ɗakinki: shinkafar tuwo. Ɗanyar shinkafa wadda ba ta ga tururi ba, irin wadda kike masa da sinasir da ita. Ki nemi gajera mai kumatu, ki kuma tambayi mai awo ko sabuwa ce, domin sabuwar shinkafa ta fi wadda ta shekara a rumbu danƙo nesa ba kusa ba. Allah da ikonsa, girbin shinkafar rani a fadamunmu yakan faɗo ne daidai lokacin da mangwaro ya cika kasuwa.

Ba zan ruɗe ku ba, ba za ta yi daidai da tasu ba. Tasu tana da ɗan tauri mai daɗin tauna, tana jan haƙori. Tamu ta fi laushi. Ana samun tasu a leda a wasu manyan kantunan Abuja da Legas, amma a ganina kuɗin ya fi amfani a tukunyar miya. Akwai dabarar da ke rage tazarar, ita ce cokali ɗaya na sitacin rogo, za mu zo kanta. Sitacin ci nake nufi, ba na guga ba, a kiyaye.

Wani abin da ya sa girkin ya yi farin jini a Turai da Amurka shi ne babu komai na dabba a cikinsa. Ba nono, ba man shanu, ba ƙwai, ba zuma. A can akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu kada su ci duk abin da ya fito daga jikin dabba. Mu ba wannan ne ya dame mu ba, mun gode wa Allah da nonon Fulani da kilishi. Amma a kowace unguwa akwai wanda da ya sha madara sai ciki ya ɗauki ƙugi, akwai kuma gidan da gwangwanin madara ya fi ƙarfinsa. Kuma tatsar madara daga tsiro ba sabon ilimi ba ne a wurin matan Hausawa. Wadda ta iya kunun gyaɗa, ta niƙa gyaɗa ta tace ta dafa shinkafa a cikin ruwanta, ta riga ta ci rabin wannan darasi. Haka mai kunun aya.

Ga cefanen, na mutum shida. Shinkafar tuwo gwangwanin madara 3. Kwakwa manya 2. Sukari babban cokali 5. Gishiri rabin ƙaramin cokali, da ɗan ƙari. Sitacin rogo babban cokali 1. Garin shinkafa ƙaramin cokali 1. Riɗi kaɗan. Mangwaro nunannu 3 ko 4.

Mu fara da kwakwa, don ita ce mai aiki. Ba ta yi a yankinmu, daga bakin teku ake kawo ta, irin su Badagiri a jihar Legas, saboda haka kafin ta iso kasuwar Jega ta sha hanya. Maigida, in ka ɗauka ka girgiza ta a kunne. Ka ji ruwa na motsi sosai, ka ji ta da nauyi a hannu. Ka duba idanun nan uku, in ka ga danshi ko furfura a wurin, ajiye ta. Wadda ta bushe ƙamas ko ta tsage, sau da yawa cikinta ya yi ɗoyin mai.

Uwargida, in kin fasa, ki tari ruwan a kofi ki ba yara su sha. Wannan ruwan ba shi ne madarar ba, mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Madarar tana cikin farin naman. Ki ɓanɓare shi, ki kankare baƙin bayan da wuƙa idan kina son madararki ta fito fara tas, sannan ki goge a magogi, ta gefen ƙananan ƙofofi. Mai na'urar markaɗe ta gida ta yanka ƙanana ta markaɗa da ruwan ɗumi. Idan kuwa injin unguwa za a kai, to a tsaya a kansa a ga an wanke shi da kyau. Mutanen Aliero, ku ne sarakunan albasa, duniya ta shaida, amma madarar kwakwar da ta bi bayan markaɗen albasa da tattasai ba ta da magani.

Ki zuba ruwan ɗumi gwangwani 1 a kan gogaggiyar kwakwar. Ɗumi nake cewa, wanda hannu zai iya jurewa. Ki cuɗa ta da yatsu kamar minti 3, za ki ga ruwan ya koma fari yana bin tsakanin yatsunki, tafin hannunki ya yi maiƙo. Ki juye a tsaftataccen ƙyallen tata, ki murɗe iya ƙarfinki. Wannan tatar farko ita ce mai kauri, ki ɗebi rabinta ki ajiye a gefe. Ki sake zuba ruwan ɗumi gwangwani 2, ki cuɗa, ki tace. Ta biyun ta fi ruwa-ruwa, sai ki haɗa ta da ragowar ta farko. Dusar da ta rage kada ta tafi bola, ki soya ta da ɗan sukari yara su samu abin taunawa irin kwakumeti.

Sai shinkafa. Ki tsince tsakuwa, ki rege, ki wanke sau biyu kawai, kada ki wanke danƙon ya tafi. Ki jiƙa ta awa 3. Su a Tailan kwana suke jiƙa tasu, su zuba a kwandon gora mai tsini, su ɗora a bakin tukunya tururi ya dafa ta cikin minti 25. Ruwa ba ya taɓa ta. Wannan kwandon nasu aikin madambacinki yake yi, ba wani abu ba. Sai dai tamu ta fi tasu buƙatar ruwa, in kika turara ta haka nan za ta bar tsakiya da gari. Don haka ki tafasa ruwa, ki zuba jiƙaƙƙiyar shinkafar ta yi minti 5, ki tsane ta a kwando. Ki shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a madambaci, ki zuba, ki huda tsakiya da yatsa don tururi ya samu hanya, ki rufe. A liƙe bakin tukunya kamar yadda kike yi wa dambu. Bayan minti 15 ki buɗe ki juya, na ƙasa ya koma sama, ki yayyafa ruwan zafi kaɗan, ki sake rufewa minti 15. Ki murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu biyu. In ta baje ba farin gari a ciki, ta yi. Ba tuwo za ki tuƙa ba, muciya ba ta da aiki a nan, ana so a ga kowace ƙwaya da idonta.

Shinkafa na kan wuta, ki ɗora madarar mai yawan a ƙaramar wuta, ki zuba sukari da rabin ƙaramin cokalin gishiri. Ki dama sitacin rogo da ruwan sanyi cokali 2 ki tsiyaya a ciki kina juyawa. Kada ki bari ta tafasa da ƙarfi. Madarar kwakwa in ta sha wuta rabuwa take yi, mai ya taso sama, ƙasa ta yi gudaji. Da kin ga tururi na tashi, gefen tukunya ya fara ƙananan kumfa, sauke.

Yanzu ga inda sirrin yake, a buɗe kunne. Zafi da zafi ake haɗa su. Ki juye shinkafa daga madambaci cikin kwano mai murfi, nan take ki kwarara madarar mai zafi, ki juya a hankali. Za ki ga kamar ruwa ya yi yawa, gabanki ya faɗi, ki ce kunu kika dama. Kada ki ƙara komai, kada ki rage komai. Rufe, ki tafi ki yi wani aiki minti 30. In kin dawo za ki tarar shinkafa ta shanye, ta kumbura tana sheƙi, in kika ɗebo da cokali ta taho a dunƙule. Shinkafar da ta huce ba ta shan madara, ko za ki kwana kina jira.

Ita kuwa mai kaurin da kika ajiye, ki ɗumama ta da ɗan gishiri tsakanin yatsu uku da ƙaramin cokali na garin shinkafa, har ta ɗan yi kauri. Ba a sa mata sukari. Na san za a ce gishiri a kayan zaƙi? Shi ne ke hana abin ginsa. Shinkafa da zaƙi, mangwaro da zaƙi, kwakwa da maiƙo. In ba gishiri, cokali uku ka yi ka ture kwanon. Da shi kuwa sai ka ga gindin kwano.

Mai son ƙamshi na daban ta sa mazarƙwaila maimakon farin sukari. A Tailan ma akwai sukarin da suke dafawa daga ruwan wata bishiya 'yar uwar giginyarmu, lardin Fecaburi ya yi suna a kansa. Mazarƙwaila za ta sa shinkafar ta yi ruwan ƙasa, kuma sai an narkar an tace saboda yashi. Su kan barbaɗa soyayyen ƙaramin wake a sama don a ji ƙaras-ƙaras. Mu riɗinmu ya wadatar, a soya shi sama-sama ba mai, har ya fara tsalle a kasko.

Mu koma kan mangwaro. Su suna da irin da suke ji da shi, Nam Dok Mai, dogo mai tsini, ba zare a cikinsa. Abin da za ki nema ke nan, mai tsoka, marar gashi, wanda wuƙa za ta ratsa sumul. Irin mai aure da paparanda sun dace. Binta suga akwai zaƙi, in shi kika samu ki rage sukarin madara. Ƙananan nan masu gashi da yara ke tsotsa ba sa yankuwa, sai dai a matse ruwansu a tace a zuba a sama, shi ma yana tafiya. Ki fere, ki yanke kumatun biyu dab da ƙwallo, ki yayyanka a kwance. Ki ɗebi shinkafa a faranti, mangwaro a gefe, ki tsiyaya mai gishirin a kai, ki barbaɗa riɗi. Da ɗumi-ɗuminta ake ci.

A nan sai na ɗan ja kunne. Farkon kakar mangwaro, lokacin da motocin Binuwai ke fara shigowa da shi kuma kowa na ɗokin mangwaro, wasu 'yan kasuwa kan tsinko ɗanye su nuka shi da kabaid, sinadarin nan da masu walda ke amfani da shi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka, domin yana ɗauke da guba irin su asinik. Alamarsa ba ta ɓuya: waje ya yi rawaya, ciki tauri da tsami, ka kai hanci gindinsa ba ƙamshi, wani lokaci har da ɗan farin gari ko tabon ƙuna a bawon. Wanda ya nuna don kansa tun daga nesa yake sallama. In ɗanye ka samu da araha, ka naɗe shi a takarda tare da nunanniyar ayaba ɗaya, kwana kaɗan zai nuna lafiya lau.

Akwai kuma maganar da muka taso muna ji, wai mangwaro na kawo zazzaɓi. Zazzaɓin cizon sauro, sauro ke kawo shi. Abin da ya faru shi ne ƙarshen mangwaro yakan haɗu da farkon ruwa, lokacin da sauro ke ƙaruwa, sai aka ɗora wa mangwaro laifin maƙwabcinsa. Inda yake da hannu shi ne gudawa, ita ma ba shi ba ne, ƙuda ne da rashin wanki. Yaro ya tsinto a ƙasa ya goga a riga ya kai baki. A wanke da ruwa mai tsabta, a wanke hannu. Wannan ƙaron da ke tsatsowa daga gindinsa ma shi ke sa wa yara ƙuraje a gefen baki. In an kiyaye wannan, mangwaro na cikin mafi arahar hanyoyin samun sinadarin bitamin A, mai taimakon ido, da bitamin C.

Masu ciwon suga, da ku nake yanzu. Shinkafa mai laushi da danƙo ta fi mai warara saurin ɗaga sukarin jini, ga sukari a ciki, ga mangwaro a kai. Wannan ba abincinku ba ne na cika ciki. In rai ya biya, cokali biyu, kuma a ji ta bakin likita. Sauran jama'a ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini ga babba, in an tsaya a 6 ya fi. Ku lissafa da na shayin safe da na lemon kwalba. Shi ya sa na ce cokali 5 ga mutum shida, duk da su a can suna zuba fiye da haka. Madarar kwakwa kuma maiƙo ne da ita sosai, mai hawan jini da mai ciwon zuciya su taɓa kaɗan.

'Yan mata da zawarawa masu neman sana'a, na san tun ɗazu lissafi kuke yi. Akwai kasuwa, musamman wajen ɗaliban jami'ar Aliero da ma'aikata, masu son ɗanɗana sabon abu. Kuma a tsakiyar kaka, lokacin da mangwaro ke zube a tashar Jega yana ruɓewa don ba mai saye, jarin ba shi da nauyi. Amma ku ji sharaɗin. Dafaffiyar shinkafa da madarar kwakwa ba sa jure zafinmu na Afrilu, da ke haura digiri 40. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, in abinci ya daɗe a ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma sake ɗumamawa ba ya karya dafin. A irin wannan zafi kada ya wuce awa 1 a waje. Firji yana tsare shi zuwa washegari, sai dai shinkafar takan ƙandare, sai an mayar da ita madambaci ta sha tururi. Saboda haka ku yi kaɗan-kaɗan, gwargwadon waɗanda suka yi oda. Shinkafa a robarta, madarar sama a ƙulle daban, mangwaro kuma kada a yanka sai mai saye ya tsaya a gabanki. In da saura da yamma ta yi tsami ko ta fara yauƙi, a zubar, kada a ba almajiri.

Lokaci ya cim mana. Wadda ta gwada ta aiko mana da saƙo ta faɗi irin shinkafar da ta auna da kasuwar da ta samo ta, don sauran mata su san wadda ta fi danƙo a yankinmu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake shanya mangwaro ya kai har damina. A huta lafiya.

(Taken shiri)